Filin wasan makarantar unguwa: lilon keke za a saya ko ƙasa za a fara gyarawa?

Hajiya Shugabar Makaranta, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu sani nake nema. Akwai fili a bayan ajujuwa, mita 20 a tsaye, 15 a kwance, kwamitin iyaye ya amince a mayar da shi filin wasa. Cikin ɗalibai akwai bakwai masu buƙata ta musamman: biyu a kan keke, ɗaya mai lalurar ƙwaƙwalwa da ta shafi motsin jiki, ba ya iya zama sai an tallafe shi, kurame biyu da ɗayansu ke sa na'urar ji, makaho ɗaya, sai zabiya. Abin da kwamiti ya kawo shi ne a zuba yashi a filin gaba ɗaya, a yi odar lilon nan da ake hawa da keke. Kuɗin ba zai wuce hakan ba. A yi ko a dakata?

Injiniyan Gini:
Wa alaikumus salam. Hajiya a dakata, don Allah. Abu biyun da aka zaɓa kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Yashi shi ne babban abokin gabar keke, ƙananan tayoyin gaba suna nutsewa, yaron ya tsaya cak a bakin fili yana hangen lilon da aka saya dominsa. Shi kuma lilon ƙarfe ne mai nauyin gaske, in ya taso ya bugi yaron da ke giftawa karaya ce, shi ya sa sai da shinge da makulli da babba a tsaye. Kin ga an ƙarar da kuɗin a kan abin da yaro ɗaya zai hau shi kaɗai a cikin keji.

Ƙasa za a fara gyarawa. A kankare saman filin, a zuba burji kaurin santimita 10 zuwa 15, kashi biyu, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. In aka jibge shi lokaci guda ƙasan ba zai kama ba, damina ɗaya ta zaizaye shi. A ba shi ɗan karkata, santimita 2 a kowace mita, ruwa ya riƙa gangarawa lambatu. In karkatar ta wuce haka keke zai riƙa ja gefe. Daga ƙofar aji zuwa fili a zuba hanyar siminti mai faɗin mita ɗaya da rabi, shi ne faɗin da keke ke juyawa a ciki.

Sai gangaren hawa baranda. Kowace santimita 1 ta tsayi tana son santimita 12 na tsawo. Baranda mai tsayin santimita 45 tana son gangare mita 5.4, ba ɗan guntun nan da magina ke liƙawa don a ce an yi ba. Yaron firamare da ke tura kansa ma ya fi son 1 cikin 15, wato mita 6.75. Faɗi mita 1.2, shimfiɗaɗɗen wuri a sama da ƙasa, ɗan dakali na santimita 10 a gefuna kada taya ta zame, a ja tsintsiya a kan simintin kafin ya bushe. Kada a kuskura a sa tayil. Kuma ba alfarma ba ce: dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

Sista Nas, Samaru:
Injiniya, ka gyara wa keke ka ɓata wa kai. Yaro ya faɗo daga lilo a kan daɓaɓɓen burji, ai sai ɗinki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Injiniyan Gini:
Gaskiyarki Sista. Ban kori yashi ba, wurinsa na rage. A haƙa rami a ƙarƙashin lilo kawai, a cika da yashin rafi zurfin santimita 30, a riƙa tayar da shi da manjagara duk mako don yana danƙarewa. Tsawon ramin ninki biyu ne na tsayin sandar lilon, gaba da baya: sanda mai mita 2 tana son mita 4 gaba, 4 baya. Hanyar siminti ta zo har bakin yashin, inda za a ɗauke yaro daga keke. Lilon da ya dace shi ne mai kama da faifai, faɗin kamar mita ɗaya da raga a tsakiya. Wanda ba ya iya zama sai a kwantar da shi, abokai biyu su hau tare da shi. Sannan duk wata kafa a jikin ƙarfe da ke tsakanin santimita 9 da 23 tarko ce, jikin yaro ya wuce kai ya maƙale. Ko ta gaza 9 ko ta wuce 23.

Likitan Gashi:
Kafin a kai ga lilo, Hajiya ki duba kekunan da yaran nan biyu ke kai. Yawancin waɗanda ake rabawa a taro na manya ne, irin na tura majinyaci a barandar asibiti, mazauni inci 18. Ɗan shekara 8 yawo yake yi a ciki. Sai ya kwanta gefe ɗaya don ya sami madogara, hannunsa ba ya kai taya sai ya ɗaga kafaɗa, a hankali ƙashin baya ya fara lanƙwasa. Irin wannan yaro ba zai yi wasa ba ko filin jirgi aka shimfiɗa masa.

Awon da tef ɗin tela ma ana yin sa. Faɗin mazauni shi ne faɗin ƙugu, da ɗan sararin da tafin hannu zai shiga a kowane gefe. Zurfinsa daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa, a rage yatsu biyu, don in bakin mazauni yana tokarar bayan gwiwa yaron zai zame gaba ya zauna a kan ƙashin bayansa. Matakin ƙafa a daidaita shi har cinya ta kwanta duka a kan matashi, amma ya kasance aƙalla santimita 5 sama da ƙasa. Gwaji mafi sauƙi na wurin babbar taya: yaro ya zauna a miƙe ya saki hannu, ɗan yatsansa na tsakiya ya taɓa cibiyar tayar. In tayar tana can baya, turi wahala ne. In ta matso gaba da yawa, keken zai riƙa kifewa ta baya a kan gangare. A maimaita awon nan duk wata 6, yaro girma yake yi.

Mazaunin leda da ya lotsa kamar raga yana haɗe gwiwoyi ya murɗe ƙugu. A ɗora falankin filawud milimita 12, sannan matashi: soso mai tauri santimita 5 a ƙasa, a ɗan rarake inda ƙasusuwan zama biyu ke sauka, mai laushi a sama. Leda ta nannaɗe soson daga ciki, yadi daga waje, don leda a jikin fata gumi take tarawa. Yaron da ba ya jin ƙafafunsa, kamar mai raunin laka ko wanda aka haifa da ƙari a gadon baya, a duba mazaunansa kullum bayan wasa. Duhu ko ja ko zafi a fata da bai baje cikin minti 30 ba, farkon gyambo ne, a sauke shi daga keken a nemi asibiti. Wanda shan inna ta taɓa yana jin jikinsa, shi nasa haɗarin ya fi sauƙi. Sashen gashi na asibitin koyarwa da ke Shika suna duba irin wannan, takalmin ƙarfe da ƙafar roba kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano ya shahara da su.

Oga Mai Walda, Sabon Gari:
Likita Allah ya ƙara sani. Amma ni a ganina a bar zancen kekunan waje, a ƙera masu mai ƙafa uku irin namu na feda da hannu. Dalilina kayan gyara. Tayar keken asibiti an rubuta mata inci 24, ka je kasuwa ka sayo tayar keken yara ita ma 24, ta ƙi shiga. Ba laifin mai shago ba ne, rim ɗin ba ɗaya ba ne: na keken guragu 540, na keken yara 507, lambar tana jikin tayar a rubuce. Haka keke ke mutuwa a bayan ɗaki saboda taya ɗaya. Namu kuwa da tayar keke aka yi shi, kowane mai faci a Zariya zai gyara.

Sai dai a yi shi na yaro, ba a rage wa na babba ƙafa ba. Baƙin fayif inci ɗaya mai kaurin milimita 1.5 ya isa. Fayif ɗin ruwa nauyi gare shi, hayaƙinsa a wajen walda kuma guba ne. Fedar hannu ta tsaya daidai ƙirji, in ta yi nisa iyakarta gwiwar hannu ta kasance da ɗan lanƙwasa. Farantin sarƙa na gaba a sa ƙarami don ya yi laushi, gudu ba shi ake nema ba. Boris a sa mai rufi irin na babur, 6201 ko 6202, don buɗaɗɗe in ƙurar hunturu ta haɗu da giris sai ta zama kamar dutsen niƙa. Kuma dole a rufe sarƙar da marfi. Tana wucewa ta gaban ƙirji, hijabi da yatsu take ci.

Likitan Gashi:
Oga, na yarda da kai a kan hanya, daga gida zuwa makaranta babu kamarsa. Amma tsawonsa ba ya juyawa a aji, ba ya shiga ƙarƙashin tebur, ba ya shiga ban ɗaki, kuma in an sha kwana da gudu kifewa yake yi. Sannan yana son hannu biyu masu ƙarfi da bayan da ke riƙe kansa. Ya dace da wanda ƙafafu kawai suka shanye. Ba ya maye gurbin kujerar zama.

Oga Mai Walda, Sabon Gari:
To ai shi ke nan, kowa da ranarsa. In za a ci gaba da na asibitin, abu uku za a riƙa yi duk Asabar. A cire gashi da zaren da ke naɗewa a gindin ƙananan tayoyi, su ke sa keke ya yi nauyi a ce boris ne. A daidaita iskar tayoyin baya, in ɗaya ta fi ɗaya keke ja gefe yake yi. Kuma birkin keken guragu tayar yake dannawa, in iska ta ragu ba ya kamawa, sai a yi ta ɗaure noti a banza.

Hajiya Shugabar Makaranta, Tudun Wada:
Ina rubutawa. To shi wanda ba ya iya zama fa? Yanzu a kan tabarma ake kwantar da shi a inuwa.

Likitan Gashi:
Kwanciya rigingine silin kawai take nuna masa, hannuwansa kuma ba sa haɗuwa balle ya riƙe abu. Kujerar kusurwa yake buƙata: falanki biyu a haɗe kamar kusurwar ɗaki a bayansa, suna turo kafaɗu gaba. Ƙugu, gwiwa da idon sawu kowanne a lanƙwashe kamar kusurwar littafi, tafin ƙafa a dafe. Tsayin bayan ya kai kafaɗa, in ba ya riƙe wuya ya wuce kai. A sa ɗan dunƙulen katako mai soso tsakanin gwiwoyi don kada ƙafafu su harɗe, amma a wajen gwiwa, ba ya tokari gabansa ba. Ɗamara a ƙugu take, ta ja ƙasa da baya. Kada a taɓa ɗaure ƙirji kawai: yaro ya zame, ɗamarar ta hau wuya. Sai ɗan tebur daidai gwiwar hannu, a nan wasan yake. Kada ya wuce awa ɗaya a ciki ba a sauya masa yanayi ba.

In katako ya yi tsada, kwali ma yana yi, dabara ce da aka inganta a Zimbabuwe. A manna kwalaye masu kauri ɗaya kan ɗaya, ana gitta layukan cikinsu, har kauri ya kai santimita 2 zuwa 3. Gam ɗin fulawa ce a dama kamar koko. A danne da bulo kwana biyu zuwa uku, a yanka, a haɗa, a lulluɓe da yankakkiyar takardar buhun siminti hawa uku, in ta bushe sarai a shafa fentin mai.

Oga Mai Walda, Sabon Gari:
Kwali da fulawa a Zariya? Likita ai walima ka shirya wa gara da ɓera.

Likitan Gashi:
Shi ya sa fentin ya rufe ko'ina har ƙasanta, a ajiye ta a kan benci ba a daɓe ba, kuma a yi ta da rani, da damina ba ta bushewa sai fumfuna. Ba a ce ta shekara goma ba. Yaron ma zai fi ƙarfinta kafin ta lalace, kuma riba ke nan, don ta katako ana jin ƙyashin sauya ta ko ta matse shi.

Baban Yara, Gyallesu:
Ni tambayata ɗaya. Ba zai fi aminci a ware masu lokacinsu dabam ba? Yaran nan in suka fito tara ba sa ganin gabansu.

Koci:
Baba, da girmanka, in aka ware su to an gina aji na biyu ne a waje, ba filin wasa ba. Abin da ake sauyawa dokar wasa ce, kuma a sauya wa kowa, ba mai buƙata ta musamman kaɗai ba. In an ce "kada a taɓa wane", an gama cire shi daga wasan.

Wasan da zan fara da shi boshiya ne, yana cikin Faralimfik, gasar wasannin nakasassu ta duniya, tun 1984, kuma don masu irin lalurar yaron nan da ba ya iya zama aka tsara shi. Ƙwallo 13: ja 6, shuɗi 6, fara ɗaya. A jefa farar, kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin kusantar ta, kowa a zaune yake, mai ƙafa ma sai ya zauna. Nauyin ƙwallon gram 275, kewayenta santimita 27, baduku zai ɗinka da fata a cika da yashi haɗe da dusar katako. Kada a sa gero, ƙwari za su cinye. Wanda ba ya iya jifa, a tsaga fayif ɗin roba inci 4 gida biyu a tsaye, tsawon kamar mita ɗaya, ya zama kwararo. Mataimaki ya riƙe, amma yaron ne zai nuna dama ko hagu, sama ko ƙasa, shi zai saki ƙwallon, ko da goshi ne. A gasa ma mataimakin baya yake ba filin don kada ya sa nasa wayon. Filinsa mita 12.5 da 6, ya shiga naku har da saura.

Akwai ƙwallon raga ta zaune, fili mita 10 da 6, ragar manya mita 1.15 ga maza, 1.05 ga mata, ta yara a sauke ta ƙasa da haka, a shimfiɗa tamfol. Akwai kuma namu na gida, ƙwallon guragu a kan allon taya da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, sai dai shi yana son siminti mai sumul, burji zai cinye hannu. Gaɗa da carafke ba sa buƙatar komai illa 'yan mata su matso da'irar inda mai keke take.

Malamin Makafi:
Koci, ina tare da kai da sharaɗi. Abin da Baba ya hango gaskiya ne ta wani gefen. In aka jefa makaho cikin wasan da bai taɓa laluba ba, zai tsaya ne a tsakiya ana kewaya shi, gobe ya ce ba ya so. A ba shi minti 10 zuwa 15 shi da malami da aboki ɗaya, ya taɓa ƙwallo, ya taka iyakar fili, ya ji motsin a jikin malami, sannan a kira sauran. Warewa ta koyo ce, ba ta zama ba.

Ranar farko a zaga da shi gefen filin duka da sandarsa, wadda tsayinta ya kai ƙashin ƙirjinsa, daga ƙofar aji a dawo ƙofar aji. Bayan nan kada a sauya wa komai wuri ba a gaya masa ba. Sanda ƙasa take gani, ba ta ganin tagar ƙarfe da aka buɗe waje ko reshe daidai goshi. Bakin yashin lilo shi ne alamarsa, ƙafa ta ji yashi, ya san ya shiga hurumin lilo.

Ƙwallon makafi ta gasa kilo 1.25 ce da ƙararrawa a ciki, ta yi wa ɗan firamare nauyi. A sa ƙwallon roba cikin leda mai ƙara a ɗaure, tana birgima tana kacau-kacau, in ta yage a sauya. Fili mita 18 da 9, uku-uku, a mirgina ƙwallo a ƙasa, masu tsaro su kwanta su tare. Layi kuma igiya ce a manne da faffaɗan salatif don hannu ya ji. Kowa ɗaure ido yake yi, kuma a nan ɗaurin doka ce ta wasa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a ɗaure wa yara ido "don su ji yadda makaho ke ji", tsoro da tausayi kawai suke koya. Matsalar wasan ɗaya ce, yana son shiru, 'yan kallo sai an ci su yi ihu. Don gudu, a ja igiya mita 18 daidai ƙugu, a zura guntun fayif ya riƙe, a yi ƙulli mita 2 kafin ƙarshe ya san zai tsaya. In ciwon idon hawan jinin ido ne ko an taɓa yi masa aiki, a tambayi likitan ido kafin wasan da ƙwallo ke bugun fuska, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna.

Amma wanda ya fi duka araha dara ce. Wasa ne da ake iya yi da laluba: gurbi 30, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12. Kafinta ya huda falanki mai kauri, a yi 'ya'yan da turaku, na ɓangare ɗaya masu mulmulallen kai, na ɗayan masu tsaga a kai. Turaku ba sa watsewa in hannu ya bi ta kansu. A nan sai ka ga mai ido yana neman a rama masa.

Malamar Kurame, Kongo:
Da yawa cikin wasannin da aka lissafa da usur ake tafiyar da su, to a haɗa usur da tuta, duk busa ɗaya ɗagawa ɗaya, kuma yaran da suka ji su ɗaga hannu su ma don saƙon ya bazu. A yi bayanin doka kafin a fara, a nuna a aikace, malami yana fuskantar rana don haske ya sauka a fuskarsa. In rana tana bayansa, baki da hannu duk inuwa ne. Kiran kurma taɓa kafaɗa ne ko ɗaga hannu a gabansa, ba jifa da tsakuwa ba. Wanda sanƙarau ya kurmantar sau da yawa ma'aunin tsayuwarsa da ke cikin kunne ya taɓu, a kula da shi a hawa sama da cikin duhu.

Na'urar ji kuma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Aikinta ya fi kyau cikin kamar mita 2, a fili da iska da hayaniya kusan komai take ƙarawa. A ɗaure ta da zare da fil a wuyan riga. Kowace safiya a rufe baki da faifai a furta sauti shida, a, u, i, m, sh, s, yaro ya ɗaga hannu in ya ji. In yau ya rasa s da sh alhali jiya ya ji, na'urar za a fara zargi: dattin kunne ya toshe robar da ke shiga kunne, ko gumi ya taru a siririn bututun, ko batir. Batirin da iska yake aiki, in an ɓare takardar a jira minti ɗaya kafin a sa, kuma da an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a amfani da shi. Launin takardar ne ke nuna lambar batirin: lamba 13 ruwan lemo, 675 shuɗi, 312 ruwan ƙasa, 10 rawaya. In na'urar tana fito, yawanci kunnen ne ya girma ya bar robar, sabon awo ake yi, ba rage murya ba. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ita ma tana Kaduna. Da dare a buɗe marfin batir a sa na'urar a kwalba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi.

Sannan a koya wa ajin duka alamomi kamar 20 na wasa: zo, tsaya, jira, naka ne, nawa ne, ci, fita, ruwa, ciwo, sake.

Baban Yara, Gyallesu:
Malama, ba a ce maganar hannu tana hana yaro koyon maganar baki ba? Tunda an saya masa na'ura ai gara a matsa masa.

Malamar Kurame, Kongo:
Ana faɗa Baba, amma ba haka ba ne. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya wuce shekarunsa na farko babu harshe ko ɗaya. Mai alama yana da abin da zai rataya kalmar baki a kai, kuma ranar da batir ya mutu ba ya komawa shiru. Abin lura dai iri biyu ne a nan: maganar hannu ta Hausawa da kurame ke yi a gari tun da, da ta makaranta wadda tushenta Amurka ne, ta yaɗu ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A tambayi yaran wacce suke yi, a nemo babban kurma ya koyar, ba mai ji da ya haddace littafi ba.

Shi ma yaron kujerar kusurwa, in maganarsa ba ta fita, a yi masa allon hotuna 6 manya a manne a teburinsa: ƙara, tsaya, ni ne, kai ne, ina so, ba na so. Ba sunayen abinci kawai ba.

Mai Gyaran Rediyo, PZ:
Bari in sa baki a kan yaron nan. Motar wasa mai batir ana iya mayar da ita ta babban makunni. A yanko ɗan allon rediyo mai tagulla fuska biyu, faɗin santimita 1, a liƙa siririyar waya da dalma a kowace fuska, a cusa shi tsakanin kan batir da ƙarfen da yake taɓawa. Wuta ta yanke ke nan. Wayoyin biyu, kamar rabin mita, su tafi makunnin ƙararrawar ƙofa, a ɗora masa marfin roba mai faɗin santimita 10 zuwa 12. A bar motar a kunne, ya danna ta tashi, ya saki ta tsaya. A ɗan feƙe marfin batir inda wayar za ta fita, in ba haka ba ya datse ta. Tana aiki ne da abin wasa mai kunnawa da kashewa kawai. Mai ƙwaƙwalwa a ciki, wanda sai an sake danna wani maɓalli bayan wuta ta zo, ba zai yi ba. A ɗaure makunnin inda ya fi iya motsawa da niyya, ko gwiwa ko gefen kai. Batir kawai, kada a kusanci wutar NEPA.

Sista Nas, Samaru:
Tunda an zo kan batir: ƙananan nan masu kama da maɓalli, har na na'urar ji, a kulle su. In yaro ya haɗiye mai faɗin ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona shi. Asibiti kai tsaye, ba a sa shi amai.

Masu lalurar ƙwaƙwalwa da yawa suna da farfaɗiya. In ta tashi a fili, a kawar da abin da zai buge shi, a sa tsumma ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a duba agogo. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa, ba danne shi. Ta wuce minti 5, asibiti. A gaya wa yara ƙarara cewa yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, wannan camfin ne ke sa a watse a bar shi. Mai ƙari a gadon baya a nisanta shi da balan-balan da safar hannu ta roba, jikinsu yakan ƙi irin robar.

Zabiya kuma an manta da shi. Lokacin tara rana ta riga ta yi ƙarfi, yana son malafa, dogon hannu, man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama, da rumfa a kan wurin dara da boshiya, don bishiyar dogon yaro in an dasa yau sai an jira shekaru. Ganinsa ma rauni gare shi, ƙwallo mai launi mai ƙarfi za a ba shi, ba fara a kan jar ƙasa mai ƙyalli ba. A watan Maris da Afrilu a taɓa duk wani ƙarfe da bayan hannu kafin a ɗora yaron da ba ya jin fatarsa.

Hajiya Shugabar Makaranta, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. An auno yanzu: baranda santimita 40, ƙofar ban ɗaki 70, kuma ciki take buɗewa.

Injiniyan Gini:
Gangare mita 4.8 ke nan, in wuri ya samu a kai shi 6, a kwantar da shi a jikin barandar kada ya ci fili. Ƙofar kuwa sai an fasa, a mayar da ita 90, ta riƙa buɗewa waje, don in yaro ya faɗi a bayanta ba za a iya turawa ba. Aikin burji a gama shi kafin ruwan farko, a tanadi tankar ruwa ta daɓe a cikin lissafi.

Oga Mai Walda, Sabon Gari:
Hajiya a ɗauko hoton lambar da ke jikin tayoyin kekunan biyu a turo nan, na baya da na gaba, tukuna a san abin da za a nema a kasuwa.